Ƙaramin Fage ko Babban Fage: Wane Gem ɗin Yaƙi Za Ka Iya Kaiwa Ƙarshe?

Ƙanena ne ya tayar da maganar, ranar da ya sayi laftof ta hannu. Ya same ni bayan isha'i na ƙura wa taswirar Rasha ido, ya ja kujera ya ce, "Yaya, ni ma irin wannan gem ɗin nake so, na janar-janar. Wanne ya fi girma? Shi zan ɗauko." Na ce masa ya zauna tukuna, domin ni ma da wannan tambayar na fara, kuma na biya kuɗin darasinta da dala.

Ga wanda bai saba ba, gem ɗin yaƙi na karɓa-karɓa ba irin na rige-rigen danna maɓalli ba ne. Tsarinsa tsarin dara ne. Ka zauna ka yi nazari, ka tura rundunoninka a kan taswirar da aka yanka gida-gida, galibi gidaje masu kusurwa shida, in ka gama ka miƙa wa abokin karawa, mutum ne ko kwamfuta, shi ma ya yi nasa takun. Zagaye ɗaya ke nan. Abin da ke raba wani gem da wani, kuma shi zai nuna ko za ka more kuɗinka, shi ne yawan 'ya'yan da kake turawa a kowane zagaye, da yawan zagayen da za a yi kafin a tashi. A dara kowa 'ya'ya 12 yake riƙewa. A wani gem ɗin 3 ne kacal. A wani kuwa ɗaruruwa ne, kuma kowane ɗa yana jiran umarninka.

Bari in fara da giwayen, wato manyan gem ɗin, tunda su ke jan ido. War in the East na Gary Grigsby ya fito a 2010, na biyunsa a 2021. Yaƙin Jamus da Tarayyar Sobiyet ne gaba ɗayansa, daga 22 ga Yuni 1941 har zuwa 1945. Kowane gida a taswira mil 10 ne, kowane zagaye mako guda. Ka lissafa da kanka: makonnin wannan yaƙin sun haura 200. Ko da a ce sa'a guda kake kashewa a zagaye, wanda sai gwani mai sauri ke iya hakan, ka ga sa'o'i sama da 200 ke gabanka kafin a san wanda ya yi nasara. Akwai wanda ya fi shi ma. A War in the Pacific: Admiral's Edition na 2009, zagaye kwana ɗaya ne, farawa daga harin da Japan ta kai wa Amurka a Pearl Harbor a Disamba 1941. Daga nan zuwa Agusta 1945 kwanaki sun haura 1,300. Mutum biyu da ke aika wa juna zagaye ɗaya kullum ta imel za su shafe fiye da shekara uku da rabi, wato tsawon ainihin yaƙin da aka yi. Kuma akwai masu yi, suna kaiwa ƙarshe. Na cire musu hula.

Ni dai ban kai ba. Zagayen farko na War in the East, ina riƙe da Jamus, dare biyu ya ci mini. Sai na tura jiragen sama su ragargaza filayen jiragen abokan gaba, na buɗe ɓaraka a kan iyaka da sojan ƙasa, na zura tankoki su haɗe a bayan Minsk, sannan na bi runduna ɗaya bayan ɗaya ina matsar da ita, har da masu gyaran layin dogo, domin faɗin layin Rasha ba ɗaya yake da na Jamus ba, kuma in jirgin ƙasa bai biyo ka ba, mai da harsashi ba za su iso ba. Na yi ta fama har taswira ta shiga watan Oktoba, lokacin taɓo, inda komai ke cijewa. Sai bikin ƙanwarmu ya taso, aiki ya biyo baya, na yi wata guda ban buɗe ba. Ranar da na koma, na tarar da wata rundunar tankoki tsaye a bayan fage kudu da Smolensk, cike da mai, ba ta fuskantar kowa. Na san ni na ajiye ta, na san da dalili, amma dalilin ya tafi. Na daɗe ina kallonta, na rufe laftof. Yau shekara nawa ke nan tana nan tsaye.

Wannan mantuwar ce ke kashe manyan gem a hannun mai iyali da sana'a, ba wahalar dokoki ba. Dokoki ana koyonsu. Amma babban fage yana so ka riƙe shirin wata uku a ka, kuma kai ɗaya ne da kai, ga kuɗin makaranta ga cefane. Sayen irin wannan gem ɗin hangen Dala ne.

To mene ne ƙaramin fage ke bayarwa? Abu na farko, yawancin takun da za ka yi a cikinsa shawara ce ta gaske. A babban fage, cikin rundunoni ɗari da za ka taɓa, watakila goma ne ke buƙatar tunani; sauran aikin akawu ne, matsar da wannan gaba, cike wancan gurbi. A ƙarami babu ɗan rakiya. In rundunoninka goma sha biyu ne, wadda ka ajiye a hagu ka hana wa dama ita, kuma za ka ji rashinta nan take.

Field of Glory II na 2017 shi ne wurin da na fi ganin wannan ƙarara, domin gem ɗaya ne ya ba ka zaɓin girman artabun tun daga ƙarami ƙwarai har zuwa babba ƙwarai, dokokin kuma ba sa canzawa. Zamanin Rumawa ne, asalin gem ɗin ya ɗauko daga shekara ta 280 zuwa ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani dare na ɗauki mutanen Hannibal, janar ɗin ƙasar Carthage, a ƙaramin fage, kwamfuta ta riƙe Rum. Giwa ɗaya gare ni, da 'yan dakaru masu māsu a kan wani tudu, da barade marasa sulke na Numidiya. Na san in dakarun Rum suka haɗa ƙirji da nawa a fili kashina ya bushe, don haka na ƙi saukowa daga tudun, na aika baradan su yi dogon zagaye ta bayan wani kurmi. Zagaye huɗu ina kallon 'yan jifan Rum suna yi wa giwar ruwan māsu, ga layina yana tangaɗi, zuciyata na ce mini in dawo da dawakin. Na daure. A na biyar suka ɓullo ta bayan Rumawa, wasu sojoji masu nauyin makamai da na ɓoye a gefe suka afka wa rundunar da ke tsakiyar faɗa ta kwiɓi, ta rikice, ta watse, maƙwabciyarta ta ga haka ita ma ta karaya. A wannan gem ɗin ba sai ka ƙarar da abokan gaba ba: in kashi 60 cikin 100 na rundunarsu suka arce an gama, ko kashi 40 in ka ba su tazarar kashi 25. Kafin ƙarfe goma na dare na rufe. Washegari na gwada ƙasashen nan biyu a fage mafi girma, sai na ga dabarar ita ce dai, sai dai layin ya yi tsawon da zan ci a dama in sha kashi a hagu, kuma kowane zagaye ya ninka lokacinsa sau uku ko huɗu. Daɗin bai ninka ba.

Abu na biyu, kuma a wurina ya fi na farko nauyi, shi ne saurin koyo. Wanda ya yi kuskure a zagaye na 3 na faɗan zagaye 12, a daren zai ga sakamakonsa, ya san inda ya zame, ya sake ɗaura ɗamara. Wanda ya yi kuskure a watan Yuli 1941 a War in the East, sai sanyin Disamba ya kama rundunarsa zai gane, bayan ya kashe makonni na ainihin rayuwarsa, kuma kurakuran sun cakuɗe har ba zai iya cewa ga wanda ya kayar da shi ba. Ɗan dara ba ya ƙwarewa da wasa ɗaya mai tsawo. A gindin bishiya ake cinye shi sau ashirin a yini har idonsa ya buɗe.

Masu ƙera gem ɗin ma sun lura. X-COM na 1994 yana barin ka ka cika jirgi da soja 14; da aka sabunta shi a 2012 sai aka mayar da su 4, suna ƙaruwa zuwa 6. Tsofaffin 'yan wasa sun yi ƙorafi, amma kowane soja ya zama mutum mai suna da kake tsoron rasawa.

Sai dai kada a ɗauka ƙananan duka jirgi ɗaya ya kwaso su. Nan ne mutane ke saye su yi da-na-sani.

Akwai ƙaramin da wasa ƙwaƙwalwa ne aka sanya wa kakin soja. Into the Breach na 2018 shi ne sarkinsu. Fagen gida 8 ne a tsaye 8 a kwance, injinan yaƙinka 3, faɗan zagaye huɗu ko biyar. Manyan ƙwarin da kake yaƙa suna nuna maka inda za su kai hari kafin su kai, aikinka shi ne ka ture wannan ya faɗa ruwa, ka juya wancan ya sari ɗan'uwansa, ka tsaya a kan ramin da wani zai fito ka toshe shi. Sa'a da rashin sa'a kusan ba su da gurbi. Minti goma sha biyar ya isa faɗa guda, ko da yake na taɓa yin rabin sa'a a kan taku ɗaya ina neman yadda zan ceci gini biyu da injin ɗaya. Masu ra'ayin riƙau za su ce wannan ba gem ɗin yaƙi ba ne, tunda babu tarihi babu hazo, kana ganin komai. Suna da gaskiyarsu. In abin da kake nema shi ne fargabar rashin sanin abin da ke bayan tudu, ba a nan yake ba.

Unity of Command, na farko a 2011 na biyu a 2019, yana tsakanin wasa ƙwaƙwalwa da tarihi. Na farkon ya ɗauki yaƙin Stalingrad na 1942 zuwa 1943 ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ana iya cinye ta a zama ɗaya. Ransa duka hanyar guzuri ce. Rundunar da aka datse wa hanya tana raunana zagaye bayan zagaye har ta zama ba ta iya ko kare kanta, kuma kwamfutar gem ɗin ta iya mugunta: ka bar gida ɗaya a buɗe a bayanka, sai ta zura 'yar runduna ta zauna a kan layin dogonka, tankokinka da suka yi nisa su koma gumaka. Wanda ya buga shi zai fahimci abin da ya sami runduna ta 6 ta Jamus a Nuwamba 1942, da Sobiyet suka haɗe a Kalach suka yi mata ƙawanya, fiye da wanda ya haddace kwanan wata. Aibinsa shi ne wa'adi. Kowane gari da zagayen da ake so ka kama shi, kuma neman cikakkiyar nasara kan mayar da kai mai maimaita fage ɗaya har ka gano takun da mai gem ɗin ya ɓoye. Wasu na son haka. Ni bayan maimaici na uku nakan ji kamar jarrabawa nake sake zama.

Sannan akwai ƙaramin da yake yaƙi ne sosai, da ruɗaninsa. Combat Mission, wanda ya fara fitowa a 2000, ya zo da wani salo: ku biyu za ku ba da umarni, sannan a saki daƙiƙa 60 na faɗa kuna kallo, ba mai iya sa hannu. Da soja talatin da tanka biyu, wannan minti ɗayan ya fi fim. Ka tura mutum huɗu su leƙa wani gida a bakin ƙauye, ka ga sun kwanta a ƙasa, ba ka ma san daga ina harbin ya fito ba. Amma ka ɗauki bataliya guda a gem ɗin nan, sai ka kalli minti ɗaya sau shida daga kusurwa shida kafin ka san abin da ya faru, kuma faɗan sa'a guda zagaye 60 ne. Ban san gem ɗin da girma ke ɓata wa daɗi da sauri kamar wannan ba.

Yanzu ga inda ƙarami ke ciwo, don kada a ce na yi son kai. Na ɗaya, sa'a. A Battle for Wesnoth, bokan da ke jifa da sihiri yana da damar samu kashi 70 cikin 100 a kowane jifa, kuma sau uku yake jifa. Ya kuskure duka ukun abu ne da ke faruwa kusan sau 3 cikin 100. Ƙanƙani ne a takarda, amma in a kansa ka jingina shirinka duka, kuma rundunoninka takwas ne, faɗan ya juye ke nan. A babban fage irin wannan tsautsayin narkewa yake cikin ɗaruruwan arangama. Wanda ya fi shiri shi ke ci. Mai saurin fushi da ɗan lido ya san da wannan kafin ya shiga.

Na biyu ya fi zurfi: ƙaramin fage ba shi da gobe. In zagaye na ƙarshe ya zo kuma gada ɗaya ta rage, za ka tura duk wanda ya saura cikin wuta, tunda bayan an tashi ba wanda zai tambaye ka su. Babu janar na gaske da ke yaƙi haka. Abin da giwayen ke koyarwa, wanda ƙananan ba sa iyawa, shi ne tattali: ka ƙi cin garin da kake iya ci yau don kada ka gajiyar da tankokin da za ka buƙata bayan wata biyu, ka ja da baya da gangan, ka ajiye runduna a bayan fage kamar waccan tawa ta Smolensk. Wanda wannan ne ke burge shi a tarihin yaƙi, ƙaramin fage zai zame masa kamar shan romo babu nama, kuma ba zan ce masa ya haƙura ba.

Akwai hanyar tsakiya, kuma yawancin mutane nan ya kamata su sauka. Ita ce silsilar ƙananan faɗace-faɗace da runduna ɗaya ke bi daga wannan zuwa wancan. Panzer General na 1994 ne ya shahara da ita, Panzer Corps na 2011 ya gāje shi. Za ka fara a Poland a 1939 da 'yan rundunoni, waɗanda suka tsira su biyo ka da gogewarsu zuwa fage na gaba. Kowane faɗa yana ƙarewa a zama ɗaya ko biyu, amma yanzu akwai gobe, don haka ba ka wasa da ran tsohuwar rundunarka. Wesnoth ma haka yake. Sai dai a lura, silsilar tana kumbura: faɗan farko na rabin sa'a ne, amma kafin ka kai tsakiyar yaƙin rundunarka ta ninka, taswira ta faɗaɗa, ka koma zaman sa'a uku ba ka ankara ba. Su ma giwayen suna da ƙananan fagage a cikinsu. War in the East yana da Road to Minsk mai 'yan zagaye kaɗan. Amma dokokin ba sa raguwa don fagen ya ragu. Sai ka karanta littafin bayani mai ɗaruruwan shafuka don faɗan yamma ɗaya.

Saura abubuwan da ba a rubutawa a bayanin gem, amma mu nan su ke yanke hukunci. Wuta: batirin laftof ta hannu in ya yi sa'a ɗaya da rabi an gode Allah. Ana iya adana wasa a tsakiyar zagaye, gaskiya ne, amma ba a adana tunanin da ke kanka, kuma zagayen da aka katse sau biyu sai an sake shi daga farko a zuci. Na'ura: abin mamaki, giwayen ba su cika neman kwamfuta mai ƙarfin hoto ba, babban allo suke so, don rubutunsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero; Panzer Corps 2 na 2020 da Unity of Command II su ne za su sa tsohuwar laftof ta yi ta huci. Kuɗi: a Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, ana mayar maka da kuɗinka in ba ka wuce sa'a 2 kana wasa ba cikin kwana 14 da saye. Sa'a biyu ta isa ka buga faɗa uku a ƙaramin gem ka san ko jininku ya haɗu. A babba kuwa ba ka gama zagayen farko ba. Sai abokin wasa: faɗan zagaye 15 da mutum, kuna aika wa juna taku safe da yamma, mako ɗaya ko biyu ya ƙare. Na dogon zango kuwa, da zarar ɗaya ya ga alamar shan kashi sai saƙonsa ya fara jinkiri, daga nan shiru.

Don haka ga abin da na gaya wa ƙanena. In bai taɓa buga irin wannan ba, ya fara da Wesnoth, domin kyauta ne, tun 2003 ake gina shi, kuma kusan kowace kwamfuta tana ɗaukarsa. In dodanni da bokaye ba su dame shi ba, zai koyi amfanin tudu da kurmi da riƙe layi ba tare da ya kashe ko sisi ba. In tarihi yake so kuma sa'a guda gare shi a dare, Unity of Command in yana son lissafi, Field of Glory II a ƙaramin fage ko matsakaici in yana son ya ga layi ya karye. In minti ashirin ne kawai tsakanin aiki da aiki, Into the Breach. Giwa kuwa sai ranar da ya gama silsila guda daga farko har ƙarshe, ya kuma ji cewa abin da ke ba shi haushi shi ne ba a bar shi ya kula da mai da layin dogo ba. Wanda ya ji wannan haushin, nasa ne, ya saya da zuciya ɗaya, ya kuma sayi littafin rubutu ya riƙa rubuta dalilin kowace rundunar da ya ajiye.

Wesnoth ɗin ya ɗauko. Bayan kwana uku ya turo mini saƙon murya yana faɗa, wai bokansa ya yi jifa uku bai samu ko ɗaya ba, gem ɗin maguɗi yake yi. Yanzu duk daren Juma'a muna karawa a taswirar mutum biyu, mu gama kafin a kashe janareta. Makon jiya na kwaso mahaya dawakina na kai masa hari a fili, na manta cewa a gem ɗin nan rana tana faɗuwa: mutanena ƙarfinsu na ƙaruwa da kashi 25 cikin 100 da rana ya ragu da dare, nasa kuwa akasin haka. Ya yi ta ja da baya yana ba ni ƙauyuka har magariba ta yi a taswira, sannan ya juyo. Da ya kashe shugaban rundunata ko dariya bai yi ba, sai ya ce, "Yaya, a sake, ko dare ya yi maka?"